Kwabon da Goggo Ta Wanke

Shagon da nake sarin jakunkunan mata a Guangzhou na wani tsoho ne, a wani lungu bayan titin Huanshi Lu. Laoban muke ce masa, wato maigida. Ɗansa ke ciniki, shi kuwa yana ƙurya da butar shayi da faranti cike da tsofaffin kuɗi masu huji, irin kwabonmu na da, sai dai hujin nasu mai kusurwa huɗu ne.

Ni da shegen tambaya, ban bar shi ya huta ba. Da guntun Turanci da nuni da fassarar waya ya koya min. Rubutun da ke gefen hujin zamanin sarkin da ya buga kuɗin ne. A sake shi bisa tebur a ji ƙararsa. A kankari koren da tsufa ya sa wa jikinsa da farce: na jabu fenti ne, yana fita, na gaske ya kama ƙarfen ƙam, kuma shi ne darajar. Har harsasai tsohon yake da su, dunƙule-dunƙulen dalma da suka yi fari, irin da ake tsinta a tsofaffin wuraren yaƙi na bakin kogi. Amma abu ɗaya ne ransa, wani kwabo kore shar da babansa ya tono a gona. Masu tara kayan tarihi sun taya, ɗan ya tasa shi gaba sai an sayar, tsohon kullum sai ya ce gobe. Kowa ya gan shi ya san ba ya so.

Wata tafiya na zo da Goggo, ƙanwar babana, mace mai tsafta har ta yi yawa. Ƙafa ta matsa mata, ta zauna a masauki. Da Laoban ya ji tana son ganin kwabon, sai ya naɗe shi a jan ƙyalle ya ba ni aro.

"Goggo, ki gani ki ajiye, na mutane ne," na ce, na wuce tashar jiragen ruwa ta Huangpu wajen lodi.

Ina dawowa ƙamshin lemon tsami ya tare ni. Ga kwabo a kan faranti yana ƙyalli kamar sabuwar tasa.

"Goggo, me kika yi?"

"Me na yi kuwa? Mutum ya ara miki abu ki mayar masa da datti? A gidan wa aka koya miki haka? Lemo da gishiri da soson ƙarfe, sai da hannuna ya yi tsami."

Na yi mata bayani, har da faɗa-faɗa. Ta riƙe haɓa.

"Yanzu tsatsa ake saye a garin nan? To, tashi mu je. Ni na yi, ni zan faɗa."

Haka ta ɗingisa har shagon. Ɗan na gani ya ɗora hannu a ka, ya shiga zuba Sinanci ba numfashi. Tsohon kuwa ya karɓi abinsa. Ya sa tabarau, ya juya kwabon, ya tambayi ɗan ko masu saye za su karɓa a haka.

"Meiyou," in ji ɗan, wato babu.

Sai tsohon nan ya fashe da dariya, har da tari, har da hawaye. Ya karɓi wayata ya yi magana, ta fassara min: "Yanzu ba mai so. Ya zauna a gida."

Wallahi ban san sanda na zauna a kan kwali ba don daɗi. Tsohon ya zuba wa Goggo shayi, ya miƙa mata da hannu biyu. Ta harare ni.

"Kin gani? Mutumin ya san tarbiyya, ke ce dai."

Ya jawo kujera kusa da ita, ya ce tun yana yaro yake son ganin fuskar kwabon nan, babansa ya hana a taɓa. Sannan ya bi rubutun da yatsa yana karanta mata ɗaya bayan ɗaya, ita kuma tana ta cewa, "Madalla."