Harafin da manhajar asibiti ke haɗiyewa

Shekarun baya, lokacin da na gama karatun kwamfuta ina zaman jiran aiki a gidanmu na Rikkos, yayata tana aikin jinya a wani ƙaramin asibiti wajen Farin Gada. Asibitin na ajiye bayanan marasa lafiya a wata manhaja ta kyauta, irin wadda 'yan sa kai daga ƙasashe daban-daban ke haɗuwa su rubuta, kowa kuma na iya buɗe cikinta ya duba, ya kawo gyara.

Wata rana ta dawo daga aiki ranta a ɓace. Ta ce wani dattijo mai ciwon sukari ya zo, mai rajista ya nemi sunansa a kwamfuta bai gani ba, sai ya buɗe masa sabon fayil. Likita ya rubuta masa allurar da jikinsa ba ya ɗauka, domin gargaɗin yana cikin tsohon fayil ɗin. Allah ya sa ita ce a ɗakin allura, ta kuma tuna yadda ya taɓa kumbura. Da suka bincika, ashe fayil uku gare shi.

"Kai da ka ce ka karanci kwamfuta," in ji ta, "to ga aiki."

Ni kuwa a lokacin gani nake babu abin da ya fi ƙarfina. Washegari na shiga shafin da masu manhajar ke karɓar rahoton matsala, na rubuta musu layi biyu: bincikenku ba ya aiki, kuna wasa da rayukan mutane. Na zauna ina jiran a ba ni haƙuri. Wata mata cikin masu kula da aikin ta amsa cikin ladabi, ta tambayi wace sigar manhajar muke amfani da ita, me aka rubuta a wurin bincike, me ya fito. Ko ɗaya ban sani ba.

Na ɗauki kunyata na nufi unguwar Dilimi, zuwa shagon wani abokina ɗan Bukuru mai gyaran kwamfuta, wanda muka yi makaranta tare. Da ya karanta saƙona sai da ya ajiye sukundireba don dariya.

"Oga, wannan ai faɗa ne ka rubuta. In mutum ya kawo mini kwamfuta ya ce ya lalace kawai, ina zan fara buɗewa?"

Muka ɗora manhajar a kwamfutarsa, muka yini muna ƙirƙiro sunaye muna nema. Wasu su fito, wasu su ɓace. Bayan la'asar na lura duk waɗanda ke ɓacewa suna da harafi mai lanƙwasa. Da na bi rubutun manhajar layi-layi, na tarar kafin ta jera suna don bincike takan zubar da duk harafin da ba ta sani ba. Suna kamar Ɗanjuma sai ya koma anjuma. Abokina ya ce shi ya sa ba a ganinsa, manhajar ce ta ce sai an juma.

Wannan karon na rubuta rahoto na mutunci, mataki-mataki, har da hotuna. Na kuma ce ni zan gyara. Na rubuta gyaran yadda ko D aka buga ko Ɗ, mutumin zai fito, na tura ina ji da kaina.

Sau uku matar ta dawo mini da shi. Na farko, na manta ƙananan haruffa. Na biyu, gyarana ya ɓata haruffan wani yare da ban ma san ana rubuta shi ba. Na uku, ta ce sai na haɗa da gwajin da zai kama matsalar idan wani ya sake dawo da ita. Na yi ta ƙorafi a gida cewa aikin kyauta ne ake wahalar da ni a kai. Yayata ta ce ita ma in ta ɗaura bandeji ba daidai ba, kwancewa ake yi.

Na huɗu aka karɓa, ya shiga manhajar. Matar ta rubuto cewa ba ta taɓa ganin waɗannan haruffa ba sai a rahotona, ta tambaya ko akwai sauran da suka tsallake. Na tura mata ƴ, na bayyana mata cewa a Nijar haka ake rubuta abin da mu muke rubutawa 'y.

Bayan an sabunta manhajar a asibitin, sai da suka yi mako biyu suna haɗe fayilolin da suka rarrabu.

Na yi ayyuka da yawa tun daga lokacin, waɗanda suka fi wannan girma, amma shi nake fara tunawa in na ji tsoron taɓa aikin manya. Mutanen nan duk sun fi ni iya rubuta manhaja, har yau ma wasunsu sun fi ni. Sai dai a cikinsu kaf babu wanda malamar aji ɗaya ta riƙe hannunsa a kan allo ta koya masa lanƙwasa kan ƙ. Ni an koya mini, kuma a ranar shi aikin yake bukata.