Kawu Mahaman da Gidan Bayan Ƙorama

Kawuna Mahaman, ƙanen mahaifiyata, shi ne mutumin da ya gano araha a Madawa. Haka yake faɗa. Tunda kuwa a danginmu ni ce mai riƙe da ranar haihuwar kowa da shekarar da kowa ya tafka kuskurensa, gara in rubuta yadda abin ya kasance kafin ya gyara labarin.

Shekara ashirin da uku yana aikin planto a wani biro, wato ofis, cikin gari. Shi ke buɗe ƙofa da safe, ya share, ya kai takardu, ya kulle da yamma. Makullin na rataye a wuyansa da igiyar fata kamar laya. Ba babban ma'aikaci ba ne, amma in bai zo ba, manyan ma a waje suke tsayawa. Lokacin da abin nan ya fara, shekara biyu suka rage masa ya yi ritaya ya fara karɓar ɗan abin tsufa, kuma in ka cire wannan da shanunsa biyu, ba shi da wani abin dogaro a duniya.

A da ɗaki biyu yake haya a bayan kasuwa, shi da matarsa Cima da 'ya'ya huɗu. Tafiyar minti biyar ce zuwa biro, ga famfo a bakin ƙofa. Gidan ya yi matsin da in baƙo ya zo daga Urno, garinmu na asali, a tsaye yake shan ruwa, nan take ya tuna yana da wani uzuri. Kawu bai san wannan matsin ne ke yi masa gadi ba.

Sai ya ji ana yanka filaye a bayan ƙorama, can inda gari ya gaji ya tsaya. Ya sayar da shanunsa biyu, ya gina ɗaki uku na laka da zaure, ya kewaye tsakar gidan da za a iya yin kokawa a cikinta har da 'yan kallo.

"Araha, Fa'iza!" ya ce da ni ranar tarewa. "Babu haya, babu mai buga maka ƙohwa ƙarshen wata. Ke dai ji iska!"

Iska kam akwai ta. Ita kaɗai ce ke zuwa unguwar da ƙafarta. Ruwa sai amalanken jaki ya kawo shi a bido, wato jarka, jakin kuma ya san ba shi da abokin gasa, sai sa'ad da ya ga dama. An kafa turakun lantarki tun shekarar tarewa, har yau wayar ba ta iso ba, amma Cima ta ce ba a yi asara ba, suna da daɗin ɗaure awaki. Da sassafe unguwar duka takan kwashe zuwa gari a kan kabu-kabu, magina da teloli da malaman lakwal, wato makarantar boko, sai dab da magariba ta dawo. Abin da Kawu ya daina ba mai gidan haya, 'yan kabu-kabu suka raba shi tsakaninsu, suna ta sa masa albarka. Daga baya ya sayi tsohon keke, ya ce don motsa jini ne.

Duk wannan da sauƙi. Babban abin shi ne labarin tsakar gidan ya isa Urno.

Mai zuwa likita ya sauka, da masu rakiyarsa uku. Mai neman takarda a biro ya sauka. Mai shirin tafiya bida, neman kuɗi a wata ƙasa, ya sauka yana jiran mota, wanda ya dawo hannu wofi shi ma ya sauka yana jiran kunya ta sake shi kafin ya ƙarasa gida. A wajenmu kuwa ba a tambayar baƙo ranar tafiyarsa, kuma in ya tashi sai an raka shi an damƙa masa na mota. Tanimu, ɗan baffan Kawu, kwana uku ya zo yi don takardar haihuwa. A wata na huɗu ya shuka kuɓewa a bayan ɗaki.

"Malam," Cima ta ce wata rana ina zaune, "wagga araha taka ta cinye buhun hatsi cikin kwana goma sha biyu."

"Lada ce, Cima."

"To, kawo ladar in tuƙa muna da rana."

Tanimu ya leƙo daga zaure. "Gaskiya tuwon jiya ya ɗan yi ruwa, matar yaya."

"Wanda ka yi ma ƙari biyu?"

"Don kada ki ji kunya ne."

Damina ta zo, ƙorama ta tuna aikinta. Duk shekara yashi ce kawai, akuya ma ba ta ɗaga ƙafa in za ta wuce. Amma in an yi ruwa mai ƙarfi sai ta cika ta batse, ta raba unguwar da gari har rana ta take. Ranar farko Kawu ya tsaya a gaɓa da makulli a wuya, ma'aikata can bakin biro na zaune ƙarƙashin dogon yaro suna jiransa, har da sabon shef, shugaban wurin, wani matashi mai yawan duban agogo. Karo na biyu ba laifin ƙorama ba ne. Tanimu ne ya ari keken tun asuba zai bi sawun takardarsa, kabu-kabu kuma duk sun riga sun tafi.

Shef bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam Mahaman, na ga furfurarka shi ya sa na yi shiru sau biyu. In aka yi na uku, makullin zai koma wuyan wani, aikin kuma ya bi shi."

Kawu ya zo gidanmu ya faɗa wa mahaifiyata. Ta ce ya sayar da gidan ya dawo gari. Ya ce wa zai saya? Ta ce to ya sallami baƙin, ko ya samu damar gyara zama. Ya dube ta kamar ta ce ya bar salla.

"In kori Tanimu? Da wane baki za ni shiga Urno ranar suna ko rasuwa?"

"Da wanda kake ce muna araha da shi," in ji ta.

Ranar da abin ya yanke ina tare da shi. Laraba ce, bayan an tashi aiki, zan je in gaida Cima. Muna tafe yana tura keken, ledar nama na rataye a ƙaho. Muka iso ƙorama, a bushe take ƙayau. Daga nan ana hango gidansa, hayaƙin girki na tashi, tabarmin baƙi shimfiɗe har waje. Sai ya tsaya ya dubi gabas. Hadari ya haɗo baƙi ƙirin.

Ya dubi gidan, ya dubi sama, ya sa hannu ya taɓa makullin ta cikin riga.

"Karɓi naman ga ki kai ma Cima," ya ce. "Ce mata aiki ya riƙe ni."

"Kawu, ina za ka kwana?"

"Akwai magaza a biro, inda ake aje karyayyun kujeru. Kwana ɗaya ne."

Aka kuwa yi ruwa. Ni ban samu ƙetarowa ba sai azahar ta washegari. Kawu ya buɗe biro tun ƙarfe bakwai, ya share, ya zauna. Shef bai iso ba sai tara, wai taɓo ya riƙe masa mota.

Kwana ɗayan nan ya zama damina guda, don ba wanda ya san ranar da sama za ta yi niyya. Da kaka ta yi ya ɗauko tabarmarsa zai koma, sai ya iske an ba wata tsohuwa daga Urno ɗakinsa, tana jiran a duba mata ido, da 'ya'yanta mata biyu. Ba a tada mara lafiya. Ya gaishe ta da jiki, ya mayar da tabarmarsa magaza. Yanzu ranar Lahadi yake zuwa gida.

Lahadin da ta wuce muka je tare. A zaure muka tarar da wani dattijo daga Tamaske, surukin surukin wani, wanda bai taɓa ganin Kawu ba. Ya tashi da fara'a ya ba shi hannu.

"Marhaba, bawan Allah. Daga wane gari? Maigidan ba shi nan, an ce can cikin gari shike kwana. Amma zamna abinka, nan ba a korar kowa. Mi ya kawo ka, likita ko takarda?"

"Wucewa nike," in ji Kawu, ya zauna a gefen tabarma.

Tanimu ya kawo masa fura a ƙwarya, yana cewa ya saki jiki kamar gidansa. Cima na daga ciki tana dariya har da tari.

Da la'asar muka juyo. Dattijon ya rako mu har bakin ƙorama, yana ba Kawu haƙuri wai shi ma baƙo ne, ba shi da na mota da zai ba shi. Sai da muka hau ɗaya gaɓar Kawu ya yi magana.

"Wata goma sha huɗu sunka rage, Fa'iza, kuma ban ƙara makara ba ko sau guda." Ya gyara igiyar makullin a wuyansa. "Kuma kin san magazar ga, ga lantarki ga pampo, ko dala ba ni biya? Araha!"