Kawu Sule da Tsofaffinsa Masu Sakata

Duk wanda ya san Kawu Sule na unguwar Lozells a birnin Birmingham ya san hancinsa ke riga hannunsa gaisawa da kaya. Ka miƙa masa burodi, sai ya sunsuna. Ka miƙa masa jariri, sai ya sunsuna. Amma abin ya fi kyan kallo in ya ɗauki tsohuwar bindigar soja, irin mai sakatar nan da ake ja da hannu, ya kai katakonta hanci ya lumshe ido. Sai ya yi ta sunsuna har shayinsa ya huce, sannan ya ce, "Wannan ta sha ruwan sama a daji. Ta kwana a jirgin ruwa. Mai ita yana shan taba, Allah ya yafe masa."

Abokin babana ne tun suna gyaran bas tare, shi ya sa nake ce masa Kawu. Mutumin zangon Kumasi ne, Hausarsa ba ruwanta da mace ko namiji. Zai ce maka, "Adiza ya tafi kasuwa," alhali matarsa yake nufi. Amma bai taɓa kuskuren ce wa bindiga "shi" ba! Tsofaffi yake kiransu. Duk an toshe bakinsu tun kafin su zo hannunsa, kowace da takardarta, ko ƙuda ba za su kashe ba sai dai a maka masa. Da arha yake samo su, ya wanke baƙin fenti da dattin shekaru, ya cike tsaga, ya ɗinka musu maratayi na jar fata, sannan ya bi katakon da man kaɗanya har ya yi sheƙi.

Wata Asabar ya bugo mini waya ina gida a unguwarmu ta Old Trafford, nesa da Birmingham. "Hajara, akwai wata tsohuwa kusa da ku, kafaɗarta ta tsage, ba mai kula da ita. Mu je mu ɗauko."

Ni kuwa nas ce. Na dama kunu, na aro keken guragu, na shimfiɗa bargo a bayan mota. Da Kawu ya iso muka je, wani Bature ya buɗe ƙofa ya miƙo doguwar jaka. Na ce, "Kawu, ina tsohuwar?" Ya rungume jakar ya ce, "Yi a hankali da murya, ta sha wahala." Shi ya shanye kunun a hanyar Birmingham, ita kuma aka lulluɓe ta da bargon.

Man kaɗanyar nan kuwa shi ne maganin komai. Da hannuwansa suka fara tsagewa, GP, wato likitan unguwa, ya rubuta masa wani mai. Bayan mako Inna Adiza ta ga kwalbar a cike. Ta ce, "Malam, ba ka shafa ba?" Ya ce, "Na fara gwadawa a jikin tsohuwa. Ba ta karɓa ba. Abin da katako ya ƙi, ni zan sa wa fatata?"

Mun daɗe muna dariya kafin mu san abin da yake nema. Mahaifinsa, Kofur Mamman, ya je yaƙin Turawa a ƙasar Bama, ya dawo ba bindiga ba hoto, ya rasu Kawu yana ƙarami. Abu ɗaya Kawu ya riƙe daga bakinsa: wai ya sa ƙusa ya zana harafin mim, farkon sunansa, a katakon bindigarsa. Shi ya sa Kawu bai taɓa kusantar katako da samfefa ba, don kada ya goge uban wani. Da tsumma yake bi, a hankali. Ya ce bindigar tana wani wuri a ƙasar nan, ƙila a ɗakin shirgin wata tsohuwa, tana jiran mai jin Hausa.

A shekarun da aka yi ta tsuke bakin aljihu, ana rufe laburare da wuraren taruwar jama'a, aka zo kan ɗan ɗakin da yake aiki a zauren unguwa. Wata yarinya daga council, hukumar gari, ta zo sanar da shi, sai haƙuri take bayarwa. "It's the cuts," in ji ta, wato rage kuɗin gwamnati ne. Kawu bai yi musu ba. Ya zaunar da ita, ya miƙa mata katako ya ce ta sunsuna. Ta lumshe ido, can ta ce ƙamshin ɗakin kakanta ne, sai ga hawaye. Ya ba ta shayi, ya lallashe ta, ya raka ta har bakin bas. An dai rufe ɗakin. Tsofaffi suka tare a kicin ɗin Inna Adiza, wadda ta ce yanzu in tana neman muciya sai ta yi sallama.

Daga baya idonsa ya yi rauni, sai yatsa da hanci suka rage masa. Wata la'asar ana yayyafi ya kira ni. Na tarar da shi gaban taga, wata baƙar tsohuwa a kan cinyarsa, babban yatsansa a dafe wuri guda.

"Hajara, duba mini."

Na duba. Ɗan zagaye ne da jela ta sauko ƙasa, an zana da tsinin wani abu. Na so in ga abin da yake so in gani. Amma Kawu ba ya son a yi masa kara.

Na ce, "Kawu, P ne na boko."

Ya yi murmushi, bai ɗauke yatsan ba. "Ke kin yi boko, kin ga P. Ni na yi allo, na ga mim."

"To in wani Pita ne ya zana fa?"

"In Mamman ne, ubana ne. In Pita ne, shi ma ruwan saman nan ya dake su tare, kuma shi ma yana tsoron a manta da shi. Na gaji da nema, Hajara. Na karɓa."

Ita kaɗai ce bai gyara ba. Bai cike tsagarta ba, bai sauya mata maratayi ba. Tana jingine kusa da gadonsa har ranar da aka fito da shi, kuma Inna Adiza ta ce duk bayan sallar asuba sai ya yi wa mutum biyu addu'a, Mamman da Pita.

Allah ya jiƙan Kawu Sule, ya haskaka makwancinsa. Ya Allah, ka sada shi da Kofur Mamman fuska da fuska, inda ba sai ya lalubi harafi ba kafin ya gane ubansa.