Injin Malam Hudu da Tambaya ta Bakwai

Cikin ranakun da ban taɓa mantawa da su ba a aikin nan akwai wata Litinin da na tsaya a ƙofar shagon Malam Hudu mai niƙa, waya a hannuna, ina jiran ya ce mini "e" ko "a'a". Nakan ba sababbin ma'aikatanmu labarin, musamman masu zuwa da zafin kai suna ganin fom ya san komai.

A lokacin ina jami'in tantancewa a wata ƙungiya mai tallafa wa masu ƙananan sana'o'i. Babban ofishinmu yana Kano, ni kuma aka ajiye ni a Rano saboda ɗan Kibiya ne ni, na san lungu da saƙo. Aikin jami'in tantancewa shi ne ya je ya ga mutum da idonsa, ya tabbatar shagon nasa ne, ya yi masa tambayoyin da ke fom, ya tura wa shugabar shiri. Ita ke sa hannu. In ba ta sa ba, ko ka fi kowa tausayi a duniya, babu abin da zai fito.

Da farkon daminar shekarar aka fara gyaran wani titi a tsakiyar gari. Katafila ta kankare kwaltar, aka haƙa ramin lambatu hagu da dama, zurfinsa ya kai ƙugun babban mutum. Sai ruwa ya sauka, ɗan kwangila ya ja da baya yana jiran ƙasa ta sha iska. Kowane mai shago ya samo ɗan siririn katako ya gitta a ƙofarsa. Mai sayen ashana zai tsallaka, amma mai buhu a ka sai ya yi shahada. Shi ne ƙungiyarmu ta ware wa masu shagunan layin tallafi, kyauta ba rance ba, don su riƙe sana'arsu har a gama aiki. Aka ba ni daga Litinin zuwa azahar ɗin Alhamis in kammala tantancewa.

Tambayoyin fom ɗin duk masu sauƙi ne, ban da ta bakwai: "Shin aikin titi ya jawo maka asara?" Ƙa'ida ta ce dole a naɗi muryar mai shago a waya yana amsawa da bakinsa. Ba don mugunta aka sa wannan ba. An taɓa kama wasu jami'ai a wani gari suna cike fom su kaɗai a gindin bishiya.

Da matasa ban sha wuya ba. Wani mai cajin waya ko tambayar ban ƙarasa ba ya fara lissafo mini asara, har yana neman in ƙara masa minti biyu, alhali leburorin titin duk a wurinsa suke caji. Na ce masa Allah ya sawwaƙe, na wuce.

Sai na iso wurin Malam Hudu. Dattijo ne da na sani tun ina yaro, kuma ban taɓa sanin inda furfurarsa ta tsaya garin masara ya fara ba. Ranar kuwa na same shi a kan benci, riga fes, yana jan carbi. Ya kamata wannan kaɗai ya ishe ni amsa, amma hankalina yana kan waya.

Na durƙusa muka gaisa, ya tambayi mutanen Kibiya ɗaya bayan ɗaya. Na yi masa bayanin tallafin, na danna waya.

"Baba, aikin titin nan ya jawo maka asara?"

"Asara? Subhanallahi. Na tashi da lafiyata, iyalina sun ci sun sha. Titi kuma ai alheri aka kawo mana."

"To ciniki fa, Baba, bai ragu ba?"

"Alhamdulillahi. Mun gode Allah."

Na juya tambayar ta nan, na juya ta can. A ta uku ya dube ni ya ce, "Nasiru, so kake in tsaya gaban na'ura in kai ƙarar Ubangijina?"

Na tsayar da naɗin muryar, na danna "a'a". Har yau in na tuna kunya nake ji, don na san mahaifina ma da shi aka tambaya, amsar da zai bayar ke nan.

Ina tsallake katako sai na ji an ce, "Kai ɗan fom, zo nan." Inna Tabawa ce, mai waina, wadda rumfarta ke jingine da bangon shagon Malam Hudu. Ta sa mini waina biyu a faranti ba tare da na tambaya ba, ta rage murya.

"Me ya ce maka? Alhamdulillahi ko? To bari ka ji. Rabon injin nan da kuka an fi mako. Matan Zinyau da na Rurum da ke kawo masa niƙa duk sun koma bakin tasha, wa zai hau wannan katakon da buhu? Ya riga ya aika wa wani mutumin Fassi, ranar Juma'a bayan masallaci zai zo ya ɗauke injin. Injin da ya aurar da 'ya'yansa da shi! In ya sayar, me zai yi, ya koma noma da wannan gwiwar tasa?"

Na ajiye farantin. Na ce, "To Inna, ke ma ai kina cikin waɗanda zan tambaya. Aikin titi ya jawo miki asara?"

"Ni? Alhamdulillahi. Ni ba ni da abin cewa."

Dariya ta ƙwace mini, ta kai mini duka da ludayi. Sai wani tunani ya zo mini. Na sake tsallakawa wurin Malam Hudu na ce, "Baba, ba kai zan tambaya ba. Inna Tabawa fa, yaya take ciki?"

Nan take ya ajiye carbi. "Kai, baiwar Allahn nan tana shan wuya. Jiya rabin ƙullunta awakina suka sha. A da, kan hantsi tanda ta huce don waina ta ƙare, yanzu har azahar tana zaune tana korar ƙuda. In da abin da za ku yi, ku fara da ita."

Ranar Talata na gwada haka da sauran dattawan layin, tela da mai faci da mai sayar da goro. Duk sammakal. Kowa a kansa alhamdulillahi, a kan maƙwabcinsa kuwa sai ka ce wa'azi yake. Da la'asar na kira shugabar shirinmu, Hajiya Binta, mace mai kirki amma ba ta wasa da takarda.

"Nasiru, ƙa'ida ta ce da bakinsa. Ni ban rubuta ta ba, kuma ba ni zan goge ta ba."

"Ranki ya daɗe, ban ce ki goge ba. Ki zo ki gani kawai. In kika samu ya ce 'e', na yarda a rage mini matsayi."

"Matsayin naka guda nawa ne da za a rage?" in ji ta. Amma ta ce tana tafe.

Laraba da hantsi ta iso da farin takalmi. Ta tsaya gaban katakon Malam Hudu ta daɗe tana kallonsa, sannan ta cire takalmin ta miƙo mini, ta haye tana salati. Ta gaida shi da ladabi, ta yi masa tambaya ta bakwai da tata dabarar. Ya ba ta alhamdulillahi mai kyau, har da addu'a ga ɗan kwangila.

"Baba, yaushe rabonka da tayar da injin?"

"Yana ɗan hutawa ne, Hajiya."

Ta matsa kusa da injin ta leƙa mazubin hatsi. Sai ga kaza ta yi fir ta fito tana kyarkyara, saura kaɗan ta tafi da mayafin shugabata. A cikin mazubin ƙwai ne kwance har guda bakwai.

"Baba, da injin nan yana aiki ai kaza ba za ta zauna ta yi wannan ba."

Ya yi murmushi ya ce, "To, ita ma ai ta samu nata rabon."

Hajiya Binta ba ta yi dariya ba. Ta fita bakin rami, ƙafa ba takalmi, ta kira manyanta. Na ji tana cewa, "Wallahi in muka bi fom ɗin nan yadda yake, masu baki za mu ba, mu bar masu buƙata." Kafin azahar aka amince da gyara: inda mai shago ya ƙi faɗa da kansa, a naɗi muryar maƙwabta biyu, a haɗa da hoton shagon. Hoton da muka tura na Malam Hudu har da ƙwan.

Da na gaya masa sunansa ya shiga, sai ya ɓata rai. "Ni fa ban roƙa ba."

"Ba ka roƙa ba, Baba. Inna Tabawa da tela ne suka ba da shaida."

Ya ce, "To, ba na ƙaryata maƙwabci." Shi kuma shaidar da ya bayar a kan Inna sai da wayata ta yi zafi.

Saura magana ɗaya. Ya riga ya ba mutumin Fassi alkawari, ya ce kuma ba zai saɓa ba. Ranar Juma'a na je na zauna a rumfar Inna. Mutumin ya iso da a-kori-kura da majiya ƙarfi uku. Tun kafin ya taka katako Inna ta tare shi da faranti, ta zaunar da shi, ta zayyana masa komai. Ya cinye wainarsa tsaf, ya leƙa shago ya ce, "Malam Hudu, ni na fasa. Wannan ramin ma ta ina zan fitar da inji? Allah ya bar ka da kayanka." Malam Hudu ya sunkuyar da kai, ya daɗe bai ɗago ba.

Da tallafin ya fito, shi da Inna suka haɗa suka sa mai walda ya yi musu faffaɗar gadar ƙarfe guda ɗaya, Malam Hudu ya sayi baro ana ɗauko masa buhuna daga bakin layi. Mu kuma tun daga lokacin shaidar maƙwabci ta zauna a fom ɗinmu. Abin da nake gaya wa sababbi shi ne, mutanenmu ba ɓoye gaskiya suke yi ba, sun dai ba maƙwabci ajiyarta ne. In kana son sanin halin da mutum yake ciki, ka gaishe shi, ka dubi rigarsa da kayan aikinsa, sannan ka shiga ƙofa ta gaba.

Bayan mako uku na koma layin. Tun daga nesa nake jin ƙarar, mata sun jera kwanuka har kan gadar. Na leƙa na ce, "Baba, yaya kasuwa?"

Bai ji ba. Na sake, bai ji ba. Sai da na kai bakina saitin kunnensa. Ya juyo, gemu da gira da riga duk sun yi fari fat, ya ɗaga murya don ta fi ta injin:

"Alhamdulillahi!"