Ɗan Waken da Ya Fito da Umma Tsakar Gida

Ko da zan manta komai na zamanmu a Gyaɗi-Gyaɗi, ba zan manta wata Asabar da na yi girki da yara ba.

A lokacin mahaifiyarmu, Umma, ta dawo daga asibiti bayan doguwar jinya. Ciwon ya tafi, amma ya tafi da cin abincinta. Duk abin da na kai mata sai ta ce in rufe, sai an jima. Likita kuwa ya gaya mana in ba ta fara ci ba, dole a sake kwantar da ita. Kullum yadda na shiga da kwano haka nake fitowa da shi.

Ranar ne yayata ta taho daga Tarauni ta bar mini 'ya'yanta biyu, za ta unguwa: mace 'yar firamare mai surutu, da ƙaninta sarkin rigima. Suka tasa ni gaba sai na yi musu ɗan wake. Na yarda, da sharaɗin ba hayaniya, tunda kakarsu na kwance. Na haɗa garin wake da na rogo da kuka, na kwaɓa da ruwan kanwa, na ɗora tukunya a murhun gawayi a tsakar gida. Da ruwa ya tafasa suka nace su ma sai sun jefa.

Ni a raina ina hango ɗan wake ƙanana-ƙanana suna tasowa saman ruwa kamar taurari. Ina! Yarinyar ta ce kifi take yi, yaron ya ce shi adaidaita-sahu zai ƙera. Kowane curi ya kai dunƙulen hannu. In ya faɗa sai ka ji tsulum, ni ina janye su daga wuta, su suna ƙyalƙyala dariya.

Can muka ji murya daga ɗaki: "Wai wa ke jefa duwatsu a rijiya ne?"

Labule ya motsa, sai ga Umma dafe da bango. Rabon da ta taka tsakar gida har na manta. Ta leƙa tukunya, ta ce wannan ai uban wake ne. Ta sa aka jawo mata kujera 'yar tsugunno, ta wanke hannu, ta nuna musu yadda ake tsunkulo ƙullin da kan yatsu a sake shi dab da ruwa. Nata duk kansu ɗaya.

Da aka tsame a tire, na zuba man gyaɗa da yaji, yaron ya lalubo adaidaitarsa ya miƙa mata. Ta ce, "Maigida, da wannan za ka ciyar da ni? Gara in sake miji."

Ya turo baki ya ce, "Mota fa na yi miki, Hajiya. In ba ki ci ba ni ma na ƙoshi."

Ta gutsira, wai don ta ji ko ya nuna. Cikin ɗanye ne, kuma ba ta ɓoye masa ba. Sai ta ɗauki ƙarami don ta nuna masa bambanci. Yarinyar ta ce ai ba a ɗanɗana kifinta ba. Ana haka, ana musun na wa ya fi daɗi, Umma ta ce in ƙaro yaji. Na tashi da sauri na shige kicin, don kada ta ga hawaye a idona ta tuna ita marar lafiya ce. Kafin in fito sun kusa sharce tiren. Asibitin da ba a koma ba ke nan.

Yanzu na gane cewa duk makonnin nan abinci nake kai mata, na bar ta ita kaɗai da shi. Tun daga ranar, in wani nawa ya kasa ci, ba na rufe masa kwano a ɗaki. Tabarma nake shimfiɗawa, in kira yara.