Geron Zailani na Lewisham

Zailani ɗan Yelwa ne, direban bas a Landan, kuma ban taɓa ganin mai cika baki da noma irinsa ba. Karatu ya kawo shi a 1965, karatun ya ƙi shi, shi ma ya ƙi karatun, ya kama sitiyari. Ni maƙwabcinsa ne a Lewisham, na sha wuya. Da ka gaishe shi sai ya jawo maka labarin gonar da mahaifinsa ya bar masa, har ka yi da-na-sanin gaisuwar.

Farkon 1976 wasiƙa ta zo daga yayansa Lawal. Kuɗin man fetur sun shigo, gwamnati na rubuta sunayen manoma za ta ba su tallafin taki. Mai gari ya ce kowace gona da sunan mai nomanta za a rubuta ta, kuma kowa ya san sunan da ya shiga takardar gwamnati ba ya fita. Gonar Zailani kuwa tana hannun ɗan baffansu, aro aka ba shi. Da Lawal ya matsa da roƙo, mai gari ya yi dariya ya ce in dai Zailani manomi ne, ya aiko da abin da ya noma da hannunsa kafin a rufe rajista da kaka.

Zolaya ce mai gari yake yi, amma mutumina ya ɗauke ta da gaske. Ya samu ɗan fili a lambunan haya na bayan layin dogo, faɗinsa bai wuce tabarma shida ba. Aka aiko masa irin gero a ambulan. Sai ya kira gayya! Ɗalibai goma sha biyar da likita guda muka hallara, wasu har da laktaye. Cikin kwata ɗin awa muka gama kunyoyin, muka shafe awa uku kan shinkafa da waken da matarsa Jamilatu ta dafa. Wani tsohon Bature mai kabeji a gefe ya dubi kunyoyin, ya cire hularsa, ya tambaye mu wa muka binne.

Na rantse geron nan ba zai yi ba. Sai ga fari ya sauka a Ingila, rana kamar ta Sakkwato, makonni ba ɗigon ruwa. Kabejin tsoho ya kwanta, ciyawa ta ƙone, geron Zailani ya miƙe har ya fi shi tsawo.

"Malam, ka ji tsoron Allah," in ji Jamilatu. "Council ta hana ban ruwa, kowa na kuka, kai kana rawa?"

"Jamila, bar ni! Ranar garinmu ce ta biyo ni har nan."

Zangarniya bakwai ya yanka. Sai da ya zaga da su har garejin bas yana nuna wa Turawa, sannan ya naɗe su a tsohuwar riga ya ba wani ɗalibi mai komawa gida.

Amsa ta zo a Nuwamba. Ya kira ni, ya hau kujera ya karanta da ƙarfi: mai gari ya yi dariya har da hawaye, ya cika alkawari, gona ta shiga takarda da sunan Zailani. Jamilatu ta rangaɗa guɗa, ni da na yi rantsuwa na fi kowa tsalle.

Sai ya juya bayan takardar, muryarsa ta sauka. Lawal ya ƙara layi biyu: ba a ba wakili taki, manomi da kansa yake zuwa ya dangwala yatsa. Kuma Inna, mahaifiyarsu, ta ce a tambayi manomin ko har yanzu ya san hanya.

Ya sauko daga kujerar, ya daɗe yana kallon takardar. Shekara goma sha ɗaya rabonsa da gida, tausayinsa ya kama ni.

"Jamila," ya ce, "gobe zan je in yi booking ɗin jirgi."