Baba Magini a Gidan Shayin Bur Dubai

A watan nan mahaifina, Malam Sule magini, ya cika shekara huɗu da rasuwa. Niyyata in rubuta addu'a kawai in yi shiru, sai wata ziyara da na kai kwanan baya ta dawo mini da shi, har na riƙa dariya ni kaɗai.

Baba ya ƙare rayuwarsa yana ginin ƙasa a cikin birnin Kano. Ni kuwa aikin sanyaya gine-gine na karanta, shi ya kawo ni Dubai. Sau ɗaya ya ziyarce mu, shekara guda kafin rasuwarsa, kuma da farko babu abin da ya burge shi. Gidanmu na Al Rigga a hawa na sha ɗaya yake. Ya ƙwanƙwasa bango ya ce kwali ne. Ya leƙa taga ya ce mutanen garin nan kwalabe suka gina suka shige ciki. Esi kuma ya sa masa mura. Rana ta huɗu ya ce, "Injiniya, a canza mini tikiti. Na gan ku lafiya, ya isa." Abin ya sosa mini rai, don shekara biyu na yi ina lallashinsa ya zo.

Na roƙe shi mu haye Bur Dubai ya saya wa Inna yadi kafin ya tafi. Muka tsallaka ruwa a abra, kwalekwalen da ke fito da mutane. Bayan kasuwar yadi muka faɗa wani lungu, sai ga wani tsohon gidan shayi ana gyaransa don ya koma yadda yake a da. Baba ya yi sallama ya kutsa kai. Ya ɗaga ido ya ga rufin sanduna an jera su kamar azara. A kusurwa akwai hasumiya mai kamo iska daga sama tana sauko da ita ɗaki. Ya tsaya a ƙarƙashinta, babbar rigarsa tana kaɗawa, ya ce, "Injiniya, zo ka ga aikinka babu wutar lantarki."

Wani dattijo ɗan ƙabilar Balushi ne ke yaɓe a wurin. Baba ya ɗebi kwaɓinsa ya murza a yatsu, ya girgiza kai, wai ruwa ya yi yawa. Na ce a raina yau za a kore mu. Dattijon ya murtuke fuska, ya miƙa masa cokalin yaɓe. Baba ya naɗe hannun riga, ya gyara kwaɓin, ya yaɓe wurin da bai fi faɗin tabarma ba. Mutumin ya shafa da tafin hannu, ya sake shafawa, sannan ya ƙwala wa abokan aikinsa kira su zo su gani.

Ba a sake maganar tikiti ba. Kwana tara ina raka shi kowace safiya. Ba sa jin yaren juna, amma Baba ya dawo gida da "shwaiya-shwaiya", wato "sannu-sannu" da Larabci, a bakinsa, dattijon kuma ya iya "sannu da aiki".

Bayan rasuwarsa na kasa komawa lungun, daga baya kuma kullen korona ya ba ni uzuri. Matata Hadiza ce ta ja ni wannan karon. An gama gyara tsaf: ƙofar katako mai manyan ƙusoshi, tagogin farar ƙasa masu huda-huda, tsakar gida da inuwar bishiya. Aka kawo mana gahawa da dabino. Na san Baba zai yaba da ba a miƙar da bangon kamar na banki ba, an bar shi da ɗan tudu da kwarinsa. Na kuma san furannin roba da aka jera a bakin ƙofa ba za su tsira daga bakinsa ba. Masu ɗaukar hoto kuwa, da sai ya tambaye su ko sun taɓa bangon da suke jingina da shi.

Ina zaune sai na ji sanyin ya wuce na hasumiya. Na bi shi da hancin sana'a, sai ga esi an ɓoye a bayan taga mai huda-huda. Hadiza ta ce, "Da Baba na nan, da ka samu bakin ramawa." Na nemi wurin da ya yaɓe ban gane shi ba, ya saje da sauran bangon.

A nan wata magana ta faɗo mini a rai. Mun riga mun shirya da yayana Musa za a rushe gidanmu na Kano a yi na bulo, kuma ni na fara kawo shawarar. Daga tsakar gidan na kira shi.

"Yaya, a bar zauren Baba."

Ya ce, "Kai kana can a bushe, mu damina ke duka."

Gaskiyarsa ce. Muka ja, muka ja, har gahawata ta huce. A ƙarshe muka tsaya a kan ɗakunan ciki su zama na bulo, zaure da soro a gyara su da ƙasa.

Baba bai rubuta sunansa a jikin gini ko ɗaya ba, kuma da yawa cikin gidajen da ya gina sun riga sun zama shaguna. Na daɗe ina ganin sana'arsa ta bi shi kabari. Shekaranjiya Yaya ya turo mini bidiyo. Malam Iro ne, wanda ya koyi gini a hannun Baba, yanzu har ya yi furfura. Yana kan tsani yana duba soron, yana zazzaga wa Yaya faɗa don an bar indararo ya toshe. Yaya, mai 'ya'ya shida, yana ƙasa riƙe da tsani yana "A yi haƙuri, Malam." Har tsakin da Malam Iro yake ja na Baba ne sak.

Allah Ya jiƙan Malam Sule, Ya sanyaya makwancinsa.